Yadda na bi sawun fiton injin zuƙe ƙurar masallacinmu har na gano inda yake satar iska

Injin zuƙe ƙura ne mai caji, irin mai doguwar sanda, wanda kwamitin masallacin Juma'a na ƙauyenmu a yankin Ringim ya saya na hannu domin share kafet, aka damƙa mini kula da shi. Muna cajinsa da solar masallaci. Ya yi kusan shekara yana aiki lafiya, sai a tsakiyar hunturu ya fara wani siririn fito mai shiga kunne, kamar an danna bakin taya iska tana sacewa, kuma jansa ya ragu har yashin da ake shigowa da shi a tafin ƙafa ya daina tashi daga kafet. Mako uku na yi ina yawo da shi kafin ya gyaru, kuma mafi yawan kuɗin da aka kashe ba su taɓa matsalar ba. Zan zayyana abin da ya faru a kowane mataki yadda ya zo, domin irin waɗannan injina sun fara yawa a masallatai da shaguna da wuraren wankin mota, masu gyaransu kuwa ba su da yawa a karkara.

Abin da ban sani ba a farko, wanda da na san shi da ban bar gari ba, shi ne hanyar da iska take bi a cikin injin. Tana shiga ta kan da ke gogar ƙasa, inda buroshi yake juyawa, ta bi ta wuya mai lanƙwasa, ta hau sanda, ta faɗa mazubin shara inda take juyawa kamar guguwa har datti mai nauyi ya zube ƙasa. Daga nan ta ratsa raga, ta ratsa filta ta farko, ta isa moto da farfelarsa, sannan ta fita ta filta ta biyu da ke baya. Duk mahaɗar da ke gaban moto jan iska take yi ciki, saboda haka idan robarta ta saki, iskar waje ce take kutsawa ta wannan kafa maimakon ta biyo ta ƙasa inda ake buƙata. Ƙaramar kafa ita ke yin fito, babba kuma huci take yi. Mahaɗar da ke bayan moto kuwa busowa take yi waje, za ka ji iskar a bayan hannu, kuma ba ta rage ja sosai, sai dai ta feso ƙura cikin ɗaki.

A gida abin da na fara yi shi ne zazzage mazubin shara da cire gashi da zaren da suka naɗe buroshi, na yanka su da reza a kan layin da aka yi wa buroshin domin haka. Fito bai canja ba. Na duba sitikar da ke jikin batir na kwafi lambar samfurin injin da ƙarfinsa, volt 21.6, wato ƙananan batura shida ne a jere kowanne volt 3.6. Wannan kwafin ya yi mini amfani daga baya, kuma ina ba kowa shawara ya ɗauki hoton sitikar da waya tun kafin gogayya ta cinye rubutun. Littafin bayani babu, domin injin na hannu ne, takarda ɗaya da muke da ita ita ce rasit ɗin saye da ke wurin ma'ajin kwamiti.

Ranar kasuwarmu na kai shi wurin mai gyaran fanka da rediyo. Mutum ne mai hannu a kan aikinsa, amma bai taɓa buɗe irin wannan ba. Ya kunna ya saurara, ya ce, "Malam, wannan boris ne ya ci, ka bar shi ka dawo jibi." Jibi ta zama kwana huɗu, domin sukurorin injin masu kan tauraro ne, kuma sai da ya aro sukurdirebansu a wurin mai gyaran waya. Da na dawo ya gaya mini gaskiya cewa bai iya raba moton ba saboda a manne yake, amma ya kai filta wurin mai faci an busa ta da iska, ya kuma ga robar murfin ƙasa na mazubin shara ta ɗago a gefe guda, ya maida ita da sufa gulu. Na biya naira 2,000. Da muka kunna, ja ya ɗan ƙaru saboda filta ta sami sarari, fiton kuwa sai ya ƙara kauri. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, domin kayan jama'a ne, kuma na fara tunanin yadda zan tsaya gaban dattawa in ce a sayi wani. Daga baya na fahimci abin da ya faru: sufa gulu idan ya bushe ƙanƙara yake zama, ya sandarar da roba, sai wurin da aka shafa ya daina lotsawa idan an rufe murfi, gefe da gefensa su bar kafa biyu maimakon ɗaya. Ya kuma bar wani farin hazo a jikin robar mazubin mai haske, wanda har yau bai fita ba.

Mako na biyu na karɓi rasit a wurin ma'aji na shiga motar Kano da sassafe, na sauka a Yankaba, na hau adaidaita zuwa shagon da aka sayi injin. Na jira fiye da awa ɗaya kafin mai shagon ya zo. Ya duba rasit ya ce kayan hannu ba su da garanti bayan an gwada an tafi da su, kuma hakan yana rubuce a ƙasan takardar, ban taɓa lura ba. Yaronsa ya kunna injin ya ce filta ce ta gaji, ya ɗauko wata sabuwa mai kama da tamu ya zura ta shiga. A cikin hayaniyar kasuwa da ƙarar janareto ba a jin komai, na biya naira 6,500 na fito. A nan ma akwai abin da za a kiyaye: kada ka gwada ƙarar inji a wurin da ba ka jin maganar na kusa da kai, kuma kada ka karɓi filta don kawai ta shiga gurbinta. Ka ajiye tsohuwa da sabuwa a kan tebur baki da baki, ka duba tsayi da faɗi da kaurin robar da ta zagaye bakin.

Wani ɗan garinmu da ke sana'a a birni ne ya raka ni wurin wani dattijo mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, ya ce aikinsu kullum farautar inda iska ke sacewa ne. Shagonsa yana cikin lungu, babu hayaniya. Na tarar yana walda a bayan wani firji, na zauna a benci har bayan azahar. Da ya gama ya wanke hannu, na gaishe shi na ce, "Baba, an ce moto ne, an kuma ce filta ce, na rasa wacce zan kama." Ya karɓa ya kunna na ɗan lokaci ya kashe, ya ce, "Ɗana, moto mai ciwo ba ya fito, gurnani yake yi. Kawo mu bi shi gaɓa gaɓa." Sai ya rarrabe mini sautuka, kuma tun daga ranar na gwada su na same su daidai. Fito ko huci mai tsayawa a murya ɗaya, wanda yake canjawa idan ka danna wani wuri da yatsa, satar iska ce. Inji mai kamawa yana saki, yana kamawa yana saki, toshewa ce, domin da yawa daga cikinsu an yi su su riƙa yanke wuta haka idan iska ba ta wucewa, tunda iskar ce take sanyaya moto. Gurnani ko ƙarar niƙa mai ci gaba har lokacin da moto ke lafawa bayan an kashe, tare da rawar jiki a hannu ko ƙaurin ƙuna, wannan shi ne boris ko wani abu da ya shiga farfela. Ƙwanƙwasa daga ƙasa kuma ta buroshi ce, tsakuwa ko tsinke ya maƙale.

Ya cire kan ƙasa, ya cire sanda, ya bar gangar jikin kaɗai ya kunna. Fito yana nan, ke nan aƙalla kafa ɗaya tana jikin gangar. Sandar ya ɗaga ta saitin haske ya leƙa, ya kuma saki ƙaramin noti ta sama ya faɗo ta ƙasa ba tare da tsayawa ba, alamar babu toshewa. Sannan ya ɗora tafin hannu a bakin da iska ke shiga na daƙiƙa biyu zuwa uku kacal. Muryar moto ta tashi sama, fiton ya ninka, domin idan ka rufe babbar ƙofa duk jan yana komawa kan ƙananan kafofi. Ya gargaɗe ni kada in wuce daƙiƙa uku ko huɗu ina toshewa, moto zai yi zafi. Ya kuma ce wasu injinan suna da ɗan bawul da ke buɗewa da kansa idan hanya ta toshe, shi ma fito yake yi, don haka sai an tabbatar babu toshewa kafin a fara neman kafa. Yana riƙe da bakin a rufe rabi, ya sa ni in riƙa danna mahaɗu ɗaya bayan ɗaya. Da na matse murfin ƙasa da babban yatsa kusa da inda aka sa gam, sautin ya faɗi nan take kamar an rufe bakin yaro, amma wani siriri ya rage a sama.

Domin wannan na biyun ya aiki yaro ya sayo turaren tsinke. Ya kashe fanka, ya rufe ƙofa, ya tabbatar mazubin babu shara ko kaɗan, ya kunna injin a ƙaramin gudu, ya riƙa zagaya mahaɗu da turaren yana nesa da su kamar yatsa biyu. Inda babu kafa hayaƙi miƙewa yake yi sama abinsa. Da ya zo daidai murfin filta ta farko sai zaren hayaƙin ya karye ya kwanta, ya shige wata tsaga da ido ba ya gani, kamar ana jansa da zare. Haka ya yi a bakin da sanda ke shiga, amma kaɗan. Wanda zai yi wannan gwaji ya karkaɗe tokar turaren a kai a kai, kada garwashi ya faɗa ciki, kuma kada ya yi shi da shara a mazubi domin gashi da auduga suna kamawa. Wanda ba ya son wuta kusa da injin ya yanki siririyar leda mai laushi kamar faɗin yatsa ya riƙa kusantar da ita, za ta manne a inda ake ja. Ruwan sabulu da ake neman hujin taya da shi ba ya aiki a nan: kafar ja take yi, ba za ta yi kumfa ba, sai dai ta zuƙe ruwan ta kai wa moto.

Da ya zare sabuwar filtar ya jera ta da tsohuwa, sai ga robar bakinta ta gaza da kusan milimita 2. Murfi yana rufuwa amma ba ya danne ta. Ya nuna mini da tocila wani siririn layin jar ƙura da ya fara kwanciya a bayan gurbin filtar, a ɓangaren da ya kamata ya kasance tas, alhali injin bai yi minti goma yana aiki da ita ba. Wannan ita ce mafi munin satar iska, domin ƙura tana zagaye filta ta tafi kai tsaye cikin farfela, kuma moton irin waɗannan injina yana juyawa da gudun da a wasu ya haura 100,000 a minti, yashi kaɗan ya isa ya cinye shi. Wato na je neman maganin kafa ɗaya na sayo wata. Wannan layin ƙura abin lura ne a ko'ina: duk mahaɗar da ka buɗe ka ga ƙura ta zana kibiya ta ƙetare roba a wuri guda, to ta nan iska take bi. Zoben robar da ke bakin sanda kuwa ya baje ya yi fefe, da ya lanƙwasa shi sai ƙananan tsagu suka bayyana a jikinsa. Zafin bazara da bushewar hunturu ne suke yi wa roba haka, musamman da muke ajiye injin a jikin tagar da rana ke duka.

Dattijon bai karɓi aikin ba, ya ce ba ya buƙatar gwani, haƙuri kawai yake so. Ya auna zoben da ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da makanikai ke auna kauri da shi, ya rubuta mini a takarda: faɗin ciki milimita 32, kauri 2.5. Ya ce in auna daga kwarmin da zoben ke zama, kada in dogara da tsohon zoben kaɗai domin ya miƙe, kuma sabon ya ɗan fi kwarmin ƙanƙanta ƙwarai kaɗan don ya kama. Na ba shi naira 2,000, ya mayar mini da 1,000. Daga nan na wuce Ƙofar Ruwa wurin masu kayan mota, inda ake kiran zoben o-rin, suna da shi a akwati mai gida gida. Na sayi uku a naira 600, ƙaramin bututun gam ɗin silikon irin na gasket a naira 2,500, da ɗan giris na silikon a naira 1,500 wanda sai a wurin masu kayan famfo na samu. Kada a yarda a musanya shi da giris ɗin mota ko baƙin mai ko basilin. Waɗannan daga fetur aka yi su, suna kumbura wasu nau'o'in roba su sa su laushi har su fita daga kwarmi. Na koma shagon farko da filtar, suka ƙi karɓa saboda an riga an yi amfani da ita. Sai bayan isha'i na isa gida.

Washegari na fara da cire batir gaba ɗaya, domin maɓallin injin yana daidai inda hannu ke kamawa, kuma buroshi yana iya tashi yatsa na ciki. Tsohuwar filta ta farko, wadda ta soso da yadi ce, na wanke ta da ruwan sanyi zalla ba sabulu, ina matsawa a hankali har ruwan ya daina fita ja, na ajiye ta a inuwa mai iska awa 24 cur. Ko a hunturu da komai ke bushewa da wuri kada a gajarta wannan jira, domin waje yana bushewa ciki yana da danshi, kuma kada a kai ta kusa da murhu. Filta ta biyu mai ninkin takarda ban wanke ta ba tunda babu alamar famfo a jikinta, wato hoton da ke nuna ana iya wanke ta, bubbuga ta kawai na yi a tafin hannu. Ita wannan kada a kai ta wurin mai faci, iskar kwamfuresa tana yaga ninkin ta yi hujin da ba a gani. Zoben bakin sanda na ciro shi da tsinken sakace, ba da wuƙa ba don kada in karce kwarmin, na goge kwarmin da tsohon buroshin haƙori da ɗanyen tsumma, na shafa wa sabon giris ɗin silikon daidai yadda zai yi ƙyalli kawai, na zaunar da shi ina duba kada ya murɗe. Giris idan ya yi yawa ƙura yake tarawa.

Murfin ƙasa shi ya fi cin lokaci. Robarsa ba zagayayyen zobe ba ce, tana da leɓe, kuma ban sami irinta ba. Na kankare busasshen gam da bakin reza a kwance, a hankali, amma wurin da ya sandare kamar tsawon gaɓar yatsa ya riga ya mutu, sai na yanke shi. Na goge kwarmin da sifirit na bar shi ya bushe, na cika giɓin da gam ɗin silikon har ya ɗan haura tsayin sauran robar, na haɗa shi da bakunan biyu. Sannan na shimfiɗa siririyar leda a kai, na rufe murfin har sakatarsa ta yi ƙas, na bar shi haka kwana ɗaya. Ledar ita ke hana silikon manne wa bakin mazubi, rufewar kuma ita ke ba shi siffar wurin daidai. Da na buɗe na ɓare ledar na gyara abin da ya tumbatso da reza, na ƙara barinsa a buɗe rabin yini har warin tsami ya tafi, domin irin silikon mai wannan wari yana cin jan ƙarfe kafin ya gama bushewa, ba a so moto ya zuƙi tururinsa. Don in tabbatar robar tana taɓawa ko'ina, na saka siririyar takarda a bakin murfi na rufe na ja, na yi haka a wuri takwas a zagaye. Duk inda takarda ta zare ba tare da turjiya ba, akwai kafa. A wuri ɗaya kusa da sakata ta yi sako-sako, na duba na ga yashi ya cika gindin sakatar ya hana ta kamawa har ƙarshe. Tsinke da buroshi suka gyara wannan.

Kafin in fara aikin na yi wani ɗan gwaji domin in sami abin kwatantawa, tunda kunne yana ruɗi. Na sami murfin roba mai santsi na ɗaura masa igiya a tsakiya ta ƙasa, na manna shi a bakin injin na rataya ledar fiya wata, wadda nauyinta rabin kilo ne. A ƙaramin gudu, kafin gyara, ɗaya ma sulɓewa take yi. Bayan gyara ya riƙe ɗaya daram, a babban gudu ya riƙe biyu, kowane gwaji daƙiƙa uku na saki. Gangar jiki ta yi shiru sai rurin moto da aka saba, na sa sanda, shiru. Na ji sanyi a raina sosai. Amma da na sa kan ƙasa na fara share sahun gaba, ina kwantar da sanda domin in shiga ƙarƙashin mumbari sai fito ya dawo, ina miƙe ta ya ɗauke. Da na tsaya a gwajin tebur kawai da ban gane wannan ba. Na juya kan na lanƙwasa wuyan har ƙarshe, na haska tocila ta ciki a cikin duhu, sai ga haske yana fitowa ta wata tsaga a ƙasan tiyo mai ninki da iska ke bi a cikin wuyan, tsawonta bai kai santimita 2 ba, tana ɓuya a cikin ninki idan wuya ya miƙe.

Salatif da baƙin tef na wuta ba sa daɗewa a wannan wuri, lanƙwasa da zafi suna sa su zame cikin kwanaki. Abin da ya yi aiki shi ne tsohon tub ɗin keke. Na yanki siririn zirin da faɗinsa ya kai santimita 2, na goge shi da tiyon da sifirit, na ɗan karce zirin da sanfefa, na shafa solishon na faci a duka biyun na jira minti biyar har ya daina jiƙa yatsa, sannan na naɗa zagaye ɗaya da rabi ina ɗan ja, wuyan yana lanƙwashe rabi domin facin ya bi motsi ta kowane ɓangare. A kula da siraran wayoyi biyu da ke bi ta gefen wuyan suna kai wuta ga moton buroshi, kada a naɗe su ciki kuma kada reza ta taɓa su. Na bar shi ya kwana. Har ila yau a jikin kan akwai wata 'yar ƙofa mai zamewa da ake buɗewa don rage ja a kan kafet mai kauri, tana yin huci idan tana buɗe, kuma wannan ba lalacewa ba ce, a duba ta tun farko.

Da na kai wa ma'aji lissafi a rubuce tare da rasitan da na samu, jimillar ta kama naira 20,100: mota da adaidaita da abinci 6,000, gyaran farko 2,000, filtar da ba ta yi ba 6,500, dattijo 1,000, sai zobe da silikon da giris 4,600. Wato abin da ya shiga jikin injin ya gyara shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, farashi kuma yana motsawa, don haka a ɗauki waɗannan a matsayin na lokacin da na je. Masu kayan mota ba su saba ba da rasit a kan ƙananan kaya ba, sai da na roƙa aka rubuta mini a takardar shago, kuma wanda yake riƙe da kuɗin jama'a ya nemi wannan tun yana wurin.

Wanda injinsa ya fara irin wannan ƙara, ga tsarin da zan bi yau da a ce zan sake. A fara da zazzage shara, wanke filta da busar da ita, da tabbatar da babu toshewa a sanda da wuya, domin filta mai cike da ƙura tana ƙara jan da ke kan mahaɗun da ke tsakaninta da moto har ƙaramar kafar da ba a ji a da ta fara fito. Sannan a tuɓe injin zuwa gangar jiki a wuri mai shiru, a riƙa mayar da gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya ana saurare, gaɓar da ƙara ta dawo da ita ita ce mai laifi ko mahaɗarta. A danna da yatsa, a bi da hayaƙi ko leda, a nemi layin ƙura. Idan an sami kafa ɗaya kada a tsaya, babba tana rufe muryar ƙanana, ni huɗu na samu har da wadda na sayo. A gwada a kan kafet ana lanƙwasa wuya ta kowace fuska. Idan kuma tsaga ce a jikin robar mazubi mai tauri, a huda ɗan ƙaramin rami da siririn bakin diril a daidai ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, a karce waje, a shafa gam mai haɗi biyu ta waje kawai, ciki ya zauna da santsinsa. Ba a zuwa kan moto sai duk waɗannan sun wuce kuma gurnani ko ƙauri yana nan, batir kuwa kada wanda bai san aikin irin wannan batir mai caji na lithium ba ya fasa shi.

Yanzu a lokacin ƙura ina wanke filta ta farko duk mako biyu, ranar Asabar, domin ta bushe kafin sharar Alhamis, kuma ina goge robar murfin ƙasa da ɗanyen tsumma duk lokacin da na zubar da shara, saboda ƙwayar yashi ɗaya a kan leɓen ta isa ta dawo da fito. Ba na bari shara ta wuce layin da aka zana a jikin mazubi. An ɗauke injin daga jikin taga an mayar da shi ɗakin ajiya mai inuwa, kuma ana fara share yashin bakin ƙofa da tsintsiya kafin a kunna shi. Facin wuyan yana riƙe, amma na ga ninkin da ke kusa da shi ya fara fari, don haka na ba ɗan garinmu da ke birni hoton sitika da awon tiyon, faɗi da tsawo, ya duba mana a wurin masu sayar da matattun injina ko za a sami kan da wuyansa yake da rai.